Gogen da Yayata Ta Karɓa Aro

Gonarmu tana arewa da Tajaye. A shekarun da nake magana a kansu, da zarar an kwashe hatsi an zuba a rumbu, sai wani gidan Buzaye ya sauka a cikinta. Dabbobinsu su ci kara da harawa su bar mana taki, Baba ya ba su dammunan gero, su kuma su aiko mana da nono da cuku. Haka na taso na tarar. Maigidan aminin Baba ne, Baffa muke ce masa. Mahaifiyarsa tsohuwa ce siririya, shuni ya rine mata hannuwa, muna kiranta Kaka. Ita ce mai gogen.

Ban tabbatar da shekarar da abin ya fara ba. Inna ta ce shekara biyu ne bayan samun mulkin kai, yayata ta ce uku. Na tambaye su a lokuta dabam-dabam, kowacce ta tsaya a kan maganarta, don haka na bar su duka biyun a nan. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mini kuma zan nuna.

A wurinmu Hausawa goge na maza ne, kuma ba sana'ar da uba yake so wa ɗansa ba ce, balle ɗiyarsa. Da an ji kukansa sai a tuna da ƴan bori da gidajen da ba a ambata a gaban manya. A wurin mutanen Kaka kuwa abin a juye yake. Mata kaɗai suke taɓa shi. Namiji ko ɗaukarsa ba ya yi. Nasa shi ne ya zauna gefe da rawani a bakinsa, ya riƙa amsawa da wani gunji mai taushi daga ƙirji a wuraren da kiɗan ya bar masa fili. Su anzad suke ce masa. Rabin ƙwarya ce da aka rufe da fatar akuya, aka ratsa ta da sanda, aka ɗaura tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, sannan ga izga mai lanƙwasa da ake goga ta da ita.

Ni da Yaya ake aika mu karɓo nono. Ni sai in karɓa in juya, ita kuwa sai ta tsuguna a bakin bukkar fata idan Kaka tana kiɗa, har nonon ya yi ɗumi a hannunta, mu koma mu sha faɗa tare. Wata rana Kaka ta kira mu duka biyu ta miƙa mini izgar. Na ja sau ɗaya, awakin da ke kwance a inuwa suka miƙe suka watse. Ta karɓe abinta, ta ce da ni tun da an ce za a kai ni lakwal, wato makarantar boko, to a gaggauta. Ta miƙa wa Yaya. Ba zan ce abin da Yaya ta ja a ranar daɗi gare shi ba. Sai dai Kaka ta daɗe tana kallon wuyan hannunta.

Da labarin ya kai kunnen Baba ransa ya ɓaci ƙwarai, ya hana Yaya zuwa gonar. Kwana kaɗan bayan haka Kaka ta hau jaki ta zo har ƙofar gidanmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Dama akwai akuyarta ɗaure a gidanmu, wadda ta ba Inna irin aron da Fulani suke kira habbanaye, su ma Buzaye suna da irinsa: ka riƙe dabba ta haihu a hannunka, ƴaƴan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Hausar Kaka a karye take, ba zan kwaikwaye ta ba, amma ga ma'anar abin da ta ce wa Baba, ina tsaye a bayan zana:

"Ba ni da ɗiya, matar ɗana kuma kunnenta na ado ne. Ba kyauta zan ba yarinyar nan kiɗana ba, aro ne, kamar akuyar can. Abin da ta haifa da hannunta nata ne. Uwar kuwa sai ta dawo bukkata, kuma kafin ta dawo kada ta ba kowa."

Baba ya yarda, bisa sharaɗin ba za a ji kukan goge a cikin gidansa ba. Inna ta gaya mini daga baya abin da ya sauko da shi. Mayar da aron da uwar amininka ta kawo da ƙafarta cin fuska ne. Ban da haka, abin da yake hannunka a matsayin amana ba sana'arka ba ce, don haka ba wanda zai ce ɗiyarsa maroƙiya ce.

Koyon ya tafi a hankali, domin da rani kaɗai ake yinsa. A ranin farko ba a koya mata kiɗa ko ɗaya ba. Aikinta shi ne shafa ƙaro a izga, da jan sauti guda mai tsawo daga wannan baki zuwa wancan har ya daina karkarwa. A na biyu Kaka ta fara zama a bayanta, ta rungumo ta, ta ɗora hannunta a kan nata, yatsu bisa yatsu, su ja tare. Yaya ta ce ba ta tuna Kaka ta taɓa yi mata bayani da baki ba. Idan ta kauce sai ta ji tsini a kunne. Da damina ta faɗi baƙin sun tashi arewa, sai ta koma ga wani ɗan ƙoƙo da ta haɗa da kanta ta ɓoye a ƙarƙashin rumbu. Danshi yakan saki fatarsa, ta riƙa shanya shi a rana a ɓoye. Kowa a gidan ya san da shi, har Baba, amma ba wanda ya taɓa nuna ya gan shi.

Kiɗe-kiɗen suna da sunaye da Buzanci. Ban iya harshen ba, kuma ina tsoron in rubuta su ba daidai ba, don haka zan ce kawai akwai wanda yake bin tafiyar raƙumi, akwai na bakin rijiya, akwai kuma wanda Kaka take buɗe zama da shi, mai fili a tsakiya inda Baffa yake shigowa da gunjinsa. A cikin waɗannan shekaru aka haifa wa Baffa ɗiya a gonarmu, Inna ce ma ta yanke mata cibiya. Kaka ta ɗaga jaririyar ta nuna wa Yaya, ta ce ga mai dabba nan ta iso, sai a jira ta yi hannu. A ranin da za a yi wa Yaya aure, Kaka ta haɗa mata goge sabo da hannunta, ta zana masa ado a fata, ta aiko da shi cikin kayan ɗaki.

Mijin Yaya tela ne a Illela, mutum mai raha. Ya ce shi ma da ƙarar keke yake ci, ba zai hana wani ƙara a gidansa ba. Nan ta fara kiɗa a cikin mata: suna, wankan amarya, zaman gaisuwar mai jego. Da farko mata sun zo ne su ga abin mamaki, mace Bahaushiya da goge a cinya. Daga baya suka riƙa zuwa domin su saurara. Aka fara aiko mata daga ƙauyuka, har Konni da Alela. Ba ta yi wa kowa kirari, ba ta roƙo. Abin da aka ajiye mata a faifai ta ɗauka. Wahalar ta faɗa kan mijin, domin tsagiya tana tsinkewa, kuma ba ta kowane doki take yi ba, sai ingarma. Yakan ce duk dokin da ya hango shi a kasuwa sai ya matse wutsiya. A wannan zamani ta fara haifar nata kiɗan. Wanda mata suka fi so shi ne wanda ta ɗauko daga bugun keken ɗinkin mijinta, mai saurin da yake tayar da ƴan mata tsaye.

Sai shekarun fari suka zo. Ina makarantar kwana a lokacin, abin da na sani game da gida ta bakin Inna na ji shi. Rani ya shigo, Baba ya bar ɗan karan da aka samu a tsaye yana jiran baƙinsa, ba su zo ba. Rani na biyu ma haka. Ya tambayi duk makiyayin da ya ratso, wani ya ce an gan su sun yi kudu sun tsallaka iyaka, wani ya ce arewa suka ƙara nausawa. Ba wanda ya ce ya gan su da idonsa.

Da ruwa ya dawo aka farfaɗo da samariya, ƙungiyar matasa ta ƙasa, sai shugabanninta na Illela suka nemi Yaya. Ta bi ƙungiyarsu zuwa Tawa ta yi kiɗa a gaban taro, aka ɗauki sautinta, mutanen garinmu suka ji shi a rediyo. Inna ta ce Baba bai bar kowa ya taɓa akwatin ba har aka gama. Bayan wannan sai iyaye mata suka fara kawo mata ƴaƴansu. Shugaban samariya da kansa ya zo ya ce a ba ta ɗaki ta koyar da ƴan mata, kada abin ya tsaya a kanta ita kaɗai. Ta ƙi. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce akwai asiri a cikin ƙwaryar. Ni ma da na dawo hutu na yi mata magana, na ce mai yiwuwa mutanen nan ba sa duniya, kuma alkawarin da ba a san inda za a kai shi ba ai ya sauka daga wuyan mutum.

"Malama," in ji ta, domin tun da na shiga makarantar horon malamai haka take tsokanata, "a lakwal ɗinku in mai akuya ya ɓace, yanka ta kuke yi?"

Daga baya na gane abin yana cinta fiye da yadda take nunawa. Ta yi wata haihuwa mai wuya a shekarar, kuma mijinta ya gaya mini cewa a cikin zazzaɓin ba ƴaƴanta take ambata ba, cewa take kada ta mutu da kayan mutane a hannu. Idan ta tafi haka, kiɗan Kaka ya tafi ke nan, bai koma gidansu ba, bai kuma shiga gidan kowa ba.

Da ta warke sai ta ɗauki wata hanya. Duk inda aka kira ta, nesa ko kusa, ba ta ƙi, musamman garuruwan bakin hanya inda makiyayan da suka rasa dabbobi suka taru suna gadi da ga-ruwa. Kuma duk inda ta zauna, da kiɗan buɗe zama na Kaka take farawa. Idan ta iso filin nan na tsakiya sai ta sassauta izga ta jira. Matan biki ba su san dalili ba, sukan ɗauka hutawa take yi. Ta yi haka a wurare da yawa, ba abin da ya amsa mata sai kukan yara da ƙarar turmi.

An tura ni koyarwa Malbaza, kusa da kamfanin siminti. Wata Lahadi Yaya ta aiko cewa tana Konni, za ta yi kiɗa a sunan jikar wani ɗan kasuwa, in zo mu gaisa. Na hau motar kaya na je. Bayan la'asar ne, tsakar gida cike da mata. Ta buɗe da kiɗan, ta iso filin, ta sassauta. Daga bayan katanga sai wani sauti ya taso. Gaskiyar magana, ni na ɗauka injin niƙa ne aka tayar a unguwar. Amma na ga hannun Yaya ya tsaya a iska. Ta sake jan kiɗan daga farko, ta iso wurin, sautin ya sake shigowa daidai inda ya kamata, ya sauka inda ya kamata. Ta miƙe da gogen a hannu ta nufi ƙofa ba mayafi, sai da na bi ta da shi.

Baffa ne, zaune a kan buhu a ƙofar ɗakin ajiyar kaya na maƙwabcin gidan, inda yake gadi. Ya rame, rawaninsa ya koɗe. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi Baba da Inna, ya tambayi gonar, har ya tambayi gawon da ke tsakiyarta. Sannan ya gaya mana Kaka ta rasu a hanya a shekara ta biyu ta farin, gogenta kuma an bar shi tare da bukkar da ba a sami abin ɗaukarta ba. Kunya ce ta hana shi zuwa Tajaye: da me zai sauka a gonar amininsa, ba ko akuya?

Yaya ta ce masa ta zo mayar da aro. Ya girgiza kai.

"Riƙe abinki, ɗiyar mai gona. Ba bukka, ba raƙumi, wa za a yi wa kiɗan? Na yafe miki."

"Baffa, ba kai ka ba ni ba, ba kai za ka yahe ba," in ji ta. "Ku maza ko taɓa shi ba ku yi. Ina mai dabbar?"

Ya yi ƴar dariya a cikin rawani, ya aika a kira ta daga tasha, inda take tallan gyaɗa. Yarinyar ta zo da faranti a ka, ta kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Hausar Konni ce a bakinta tsantsa. Aka yi mata bayani. Ta dubi gogen sama da ƙasa, ta ce ita mi za ta yi da ƙwarya mai kuka, dama yaran tasha suna tsokanarta da Buzuwa, so ake su samu na ƙari? Na ga fuskar Yaya a lokacin. Ta yi shekaru tana neman inda za ta sauke kaya, ga wurin ta samu, mai kayan ta ce ba ta so.

Baba ne ya warware. Da ya ji an ga amininsa ya zo Konni da kansa, suka zauna a kan buhunan nan. Ya ce tun da can da rani ake zuwa wurinsu, to kada a fasa: yarinya ta riƙa zuwa Illela da rani, ta koma wurin iyayenta da damina. Ba a ambaci goge a maganar ba.

A ranin farko yarinyar ba ta taɓa gogen ba, Yaya kuma ba ta ce ta taɓa ba. Ta dai riƙa tafiya da ita bukukuwa tana riƙe mata ƙaro. Yarinyar ba ta kula da kiɗan raƙumi ko na rijiya, amma da an fara na keken ɗinki sai ƙafarta ta kama motsi. Wata rana da hantsi Yaya ta dawo daga rijiya ta ji ana azabtar da gogen a ɗaki, ana neman kiɗan keken. Ta ajiye tulu, ta shiga, ta zauna a bayanta ta ɗora hannu a kan nata. Ta gaya mini ta daɗe tana tunanin ko daidai ne a shigar da jikar Kaka ta ƙofar kiɗan Hausa. Ta yanke cewa ɗan akuya ne ta sa a gaba domin uwar ta biyo.

Akwai wata damuwa da ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Shekaru ta yi tana kiɗan nan ba mai tsinin kunnenta. Wa ya sani ko ta karkatar da shi ba ta sani ba, ta zo tana mayar wa mutane abin da ba shi aka ba ta ba? Wannan tsoron na fahimce shi sarai.

A ƙarshen rani na uku muka raka yarinyar zuwa Konni. Aka shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin ajiyar, da safe kafin motoci su fara sauke kaya. Mahaifiyarta ta zo, da wasu Buzaye masu gadi a layin. Yarinyar ta ɗora gogen a cinya ta buɗe zama, Baffa ya shigo a filinsa. Ta yi na raƙumi, ya bi ta har ƙarshe. A na bakin rijiya, wajen tsakiya, ya yi shiru ya ɗaga yatsa. Ya ce a nan mahaifiyarsa hawa take yi, ba sauka ba, ya rera wurin a hankali. Yaya ta rufe ido ta saurara, ta ce gaskiyarsa, ita ce ta zame. Yarinyar ta maimaita yadda ya rera, sau ɗaya ta kama. Ta kai shi har ƙarshe. Sannan matar Baffa, wadda aka ce kunnenta na ado ne, ta ce wa Yaya dabba ta iso gida, kuma da ƙibarta ta iso.

Yaya ta bar mata gogen da Kaka ta haɗa. A mota muna komawa na tambaye ta ko ba ta ji ciwon rabuwa da shi ba. Ta ce ta ji, amma wanda za a tausaya wa mijinta ne, domin yanzu ba wutsiya ɗaya zai nemo ba.

Na sake zuwa wurin Baffa ni kaɗai kafin in rubuta wannan, na tambaye shi ko ban da wurin nan guda sauran kiɗan daidai suke da na mahaifiyarsa. Ya ce iyakar abin da kunnensa ya riƙe, daidai suke. Fiye da haka ba ni da mai tambaya.

A hutun da ya wuce na sauka Illela. Tun daga bakin layi na ji abin da ya sa awakin unguwar suka koma can gindin katanga. Ƴan mata ne a tsakar gidan Yaya, kowacce da ƙwaryarta a cinya, suna jan sauti guda mai tsawo, cikinsu har da ɗiyar shugaban samariya. Yaya ta gaya wa kowacce tun ranar da ta zo cewa aro ne, ta san gidan da za ta kai shi. Jikar Kaka tana zaune a bayan ƙaramarsu, ta rungumo ta, yatsu bisa yatsu. Da ta gan ni ta miƙo mini izga, ta ce Malama ta zo ta gwada. Yaya ta ce a bari tukuna a ɗaure awaki.